Katin da Falmata Ta Aika Garagumsa

Duk wanda ya shigo lungunmu a unguwar Birni ta Damagaram ya ji ƙwas-ƙwas na tashi daga gida mai koren ƙyaure, kada ya ce baduku ne ya tare a unguwar. Falmata ce ke yankan takarda. Taubashiyata ce, 'yar gwaggona, saboda haka ina da izinin faɗin duk abin da na ga dama a kanta, ita ma ba raga mini take yi ba. Sunana Ladi, turaren wuta nake sayarwa a Kasuwar Dole, kuma rabin kwalayen da Falmata ke aiki da su daga rumfata suke fita, da yardata ko babu.

Ta daɗe tana aiki a lameri, ofishin magajin gari, a teburin takardun haihuwa. A miƙo takarda, ta duba, ta dangwala hatimi a tawada, ta buga. Yaran garin nan da yawa da bugun hannunta suka shiga lekol, makarantar boko. Mijinta Zakari makanike ne, mutumin Garagumsa, ɗan manoma gaba da baya. Ya zo Damagaram koyon gyaran mota, ya haɗa ido da Babarbariya mai ƙamshin humra, ya manta hanyar tasha. Danginsa ba su taɓa yi mata rashin mutunci ba, amma ba su saki jiki da ita ba, har ta fara furfura suna ce mata matar birni. 'Ya ɗaya Allah ya raya musu, Nafisa.

Shekarar da Falmata ta aje aiki, a ita Zakari ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Ina ɗakin ranar da ya riƙe mata hannu ya ce in auren yarinyar ya zo, yayansa Nomau ne zai ba da ita, ba wani ba. Ta ce ta ji. Tana da 'yan'uwa maza cike da Birni, kowanne da babbar rigarsa, amma ta kama maganar nan ta riƙe gam.

Takaba ta ƙare, zaman shiru bai ƙare ba. Macen da a da sai an roƙe ta ta rufe baki ta koma kallon bango. Rannan na shiga gaishe ta, na tuɓe silifana a ƙofar ɗaki, na zaga na taya Nafisa wanke-wanke. Da na dawo, ƙafa ɗaya na tarar. Ɗayar tana hannun Falmata, ta yanke dunduniyar da reza, ta sunkuya tana sassaƙa. Na cika baki da masifa zan sauke mata, sai ta dangwala robar a ruwan shuni ta danna a bayan kwalin shayi. Ta ɗaga. Zanen da ke saman ƙofar zauren kakanmu ne ya fito, da lanƙwasarsa da ƙullinsa, ba abin da ya ɓace. Ta dube shi, ta dube ni tsaye da silifa ɗaya a hannu, ta fashe da dariya. Rabona da jin dariyarta tun Zakari na da rai, don haka na haɗiye masifata na koma gida da takalmin aro.

Haka sana'a ta faɗo mata ba ta shirya ba. Da katin barka da sallah ta fara, sai na barka da haihuwa, na dawowa daga Makka, na sannu da jiki. Na ce mata, "Ke, a zamanin da kowa ke rataye da wayar salula, wa zai kula kwali?" Ta ce, "Je ki jingina saƙon salula a cikin kabad mu gani." Da gaskiyarta. Yau ka shiga ɗakin amarya a Birni ko a Zango, tsakanin kwanukan jere sai ka hangi katin Falmata a tsaye. Tafiya da ita kuwa ta zama azaba. Muna sauri za mu gidan suna, sai ta ja birki a ƙofar gidan mutane tana bin zanen soro da yatsa a iska, ni ina jan mayafinta, masu gida suna leƙowa suna tambaya ko lafiya.

Hatimi kaɗai bai daɗe yana isar ta ba. Ta je wurin wani tsohon baduku ta lallaɓa shi ya ba ta ƙarafan da suke huda fata da su, mai bakin tauraro, mai ɗigo, mai jinjirin wata. A ɗora takarda kan katako, a daidaita ƙarfen, a doka da guduma. Shi ne ƙwas-ƙwas ɗin da ya hana mu barcin rana. Daga baya wani ɗan kasuwa ya kawo mata siraran ƙarafan yanka daga Kano, kowanne da siffar da yake fitarwa, akwai fure, akwai ƙubba, har da mai yi wa takarda gefe irin na leshi. Ya ce da injinsu ake matsa su, injin kuma bai samu ba. Falmata ta juya su gaba, ta juya su baya, ta miƙe ta shiga madafa ta fito da injin taliya. Ta haɗa ƙarfe da takarda ta cusa a bakin injin ta ce in murza. Na murza ina tsaki. Takarda ta fito ta wancan gefen, ta ɗaga ta ta hure, 'yan guntaye suka zube, sai ga fure mai huda-huda rana na ratsa shi. Mu manyan mata biyu muka dinga tsalle a tsakar gida muna tafawa. Tun daga ranar ba a sake cin taliya a gidan nan ba.

Ana nan Nafisa ta gama karatun ungozoma, suka daidaita da Mustafa, wani malamin lekol ɗan Zango. Iyayensa suka yi abin da ya kamata, suka ɗauki mota har Garagumsa suka zauna gaban Nomau. Shi ya ce ya ba su, shi kuma ya sa rana, bayan an gama kai amfanin gona gida.

Da labari ya iso, ni na rangaɗa guɗa, Falmata kuwa kwali ta jawo. Ta ce ta yi wa 'ya'yan mutane kati har ta gaji, yanzu gari zai ga na yarinyar nan. Ba ta kama sunan Nafisa, 'yar fari ce, amma duk kunyar a baki ta tsaya. Ta zaɓi farar takarda mai kauri, ta yanka ta yadda za ta buɗe gida biyu kamar ƙyauren zaure, gefen duk leshi, fuskar da zanen soro shuɗi. A ciki aka buga cewa iyalan marigayi Zakari da iyalan Alhaji Abubakar, mahaifin ango, suna gayyatar, sai fili inda za a rubuta sunan wanda aka gayyata. Ni murzawa, Nafisa naɗewa, ita bugawa. Gida ya cika da guntayen takarda, a miya su ne, a kitso su ne, har kajin maƙwabta suka daina ɗauka tsaba ce. Ban taɓa ganin Falmata cikin farin ciki irin na kwanakin nan ba, tana aiki tana 'yar waƙa, in kati ya fito yadda take so sai ta ɗaga shi sama ta zagaya da shi tsakar gida.

Na Nomau daban ta yi shi. Ya fi sauran girma, takarda hawa-hawa, ta kowace huda kana hango launin da ke ƙasa, ta bi gefen da ruwan zinare. Ta sa na turara shi da turaren da nake ɓoye wa manyan amare. A filin nan na sunan baƙo ta zauna ta rubuta sunansa da hannunta, harafi bayan harafi, harshe a waje. Ta ce, "Kafin kowa ya ga nasa, Yaya zai ga nasa." Ta sa shi tsakanin kwali biyu, ta kai wa direban motar Takeita, can yankin Garagumsa, ta bi shi har bakin mota tana ja masa kunne kada a ɗora kaya a kai. Sauran katunan ta jera su cikin kwalla ta rufe, ta ce ba mai fita sai ta ji daga Garagumsa. Daga nan ta kasa zaune ta kasa tsaye, duk sallamar da aka yi sai ta ce direba ne.

Direba ya zo ranar kasuwa, yana saɓe da rabin buhun gero. Ya dire ya ce, "Dattijo ya ce a gaishe ki. Ya ga gayyata, ya gode. Ga gudummawarsa. Ya ce in aikin gona ya bar shi zai leƙo."

Falmata tana ta sa albarka, tana tambaya ko ya buɗe a gabansa, ko ya ce ya yi kyau. Ni kuwa saƙon bai kwanta mini ba. Gudummawa ta baƙo ce, leƙowa ma haka. Mutumin da zai zauna gaban liman ya ba da aure ba ya leƙowa. Direba na fita na ce ta kira Kaltuma, matar Nomau. Ta kira, ta buɗe murya muna ji tare.

Kaltuma ta ce, "Kati kam ya yi kyau, ba a taɓa ganin irinsa a garin nan ba. Shi ya sa Malam ya fita da shi ƙofar masallaci bayan la'asar, baki har kunne, ya ce mushe, malamin lekol ɗinmu, ya karanta wa jama'a. Mushe ya karanta masu gayya, babu sunansa. Ya karanta wanda aka gayyata, sai ga sunansa. Wani abokin wasansa ya ce, to Nomau, sai a wanke riga, an gayyace ka auren 'yarka. Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma tun da ya shigo gida bai ƙara tayar da zancen bikin ba. Ragon da ya ware ma ya ce a mayar da shi garke."

Falmata ta ajiye salular a hankali ta zauna a kan buhun geron. Ta ce, "Ladi, na gayyaci mai gida zuwa gidansa."

Ni raina ne ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba. Na ce dattijo da gemunsa zai yi fushi a kan kwali, bayan matar nan ta ƙare idonta a kansa? Na ce in bai zo ba ga yayyenta nan, wanne ne bai isa ya ba da aure ba? Ta bar ni na zazzage tas, sannan ta ce, "Na ce wa Zakari na ji. Kuma ba zan bari a ɗaura wa yarinyar nan aure kamar marar gidan uba ba, surukanta na kallo." Na san gaskiya ta faɗa, haushi ne kawai ke cina.

Washegari da sassafe ta aiko in fito. Na tarar ta ɗaure kwallar katunan da zane, ga kwandon goro da ta sayo, ga jakar kayan aikinta a kafaɗa. Na ce jakar ta mene ce, ta ce ita ma ba ta sani ba, ba ta iya fita babu ita ne. Muka shiga mota, kwalla a cinyarta, goro a tawa. Muka wuce Tirmini, gonaki duk an girbe, amalanke na ta jigilar damma.

Mun same shi bayan gida, gindin rumbu, ana miƙo masa damman gero yana jerawa. Dogo ne siriri, kamarsu ɗaya da marigayi har tafiya, sai da gabana ya faɗi. Ya karkaɗe hannu, ya sa Kaltuma ta shimfiɗa mana tabarma a inuwar dogon yaro, aka kawo fura. Ya gaishe mu gaisuwa mai tsawo, mai kyau, irin wadda ake yi wa baƙon da za a sallama da wuri.

"Ya mutanen birni? Ya shirye-shiryen bikinku?"

Falmata ba ta hau tabarmar ba, a ƙasa ta durƙusa. Ta kwance zanen, ta buɗe kwalla, ta tura gabansa. Ta karɓi kwandon goro daga hannuna shi ma ta tura.

"Yaya, ga su nan duka. Ba wanda ya fita sai naka. Ɗoki ne ya rufe mini ido, na so ka riga kowa gani. Na yi kuskure. Ga goro, ga kati, kai za ka ce a kai wa wane a bar wane."

Bai taɓa ko ɗaya ba. Ya daɗe yana kallon rumbu. Bakina ya fara ƙaiƙayi, Falmata ta sa hannu ta baya ta matse mini yatsan ƙafa.

Can ya ce, "Falmata, lokacin da ƙanena ya kwanta, ruwan shuka ya sauka. Na ce bari in gama in taho. Ban gama ba aka aiko. Ban yi jinyarsa ba, ban ɗauki makararsa ba, kafin in iso an rufe shi. Abu ɗaya ya rage da zan yi masa a duniya, in zauna gaban liman in ce na ba da 'yarsa. Sai na ji an karanto ni cikin masu zuwa cin shinkafa."

A nan haushina ya zube. Na ji kunyar duk abin da na faɗa a kansa jiya, na ja mayafi na rufe rabin fuska. Falmata hawaye ke bin kumatunta. Ita ba gwanar ba da haƙuri da baki ba ce, tun muna yara. Sai na ga hannunta ya tafi jaka.

Ta fito da guntun roba da reza, ta ɗora a kan murfin kwalla, ta goge ido da gefen mayafi ta sunkuya. Nomau ya dube ni, na ce masa ni ma kallo nake. Ta zana haruffa a juye, kamar yadda ake yi wa hatimi, ta fara bi da bakin reza tana fitar da ɓarɓashi. Kaltuma ta matso. Matan gidan suka baro daka suka matso. Masu miƙa dami suka ga ba mai karɓa, suka sauke suka zo suka tsaya. Kafin wani lokaci inuwar nan ta cika, har da dattawan ƙofar masallaci, kowa na miƙa wuya yana tambayar na kusa da shi me matar birni ke fafewa. Wani ya ce laya ce, wata ta ce a'a, abin kwalliyar ƙwarya ne. Falmata ba ta ji su ba. Harshe ya fito waje, kafaɗa ta saki, har na ji 'yar waƙar nan ta fara tashi ƙasa-ƙasa. Ta ɗago ta ce a samo mata ɗan itace mai faɗin baki, nan da nan wani ya sare mata guntun tsohuwar ƙota ya goge a dutse. Ta shafa gam, ta manna robar, ta hure, ta danna a tafin hannunta ta duba.

Ta zaro kati ɗaya daga kwalla ta buɗe a kan murfin. Ta nuna can sama, bisa sunayen masu gayya, inda takarda take fara. Ta buɗe gwangwanin tawada, ta juya hatimin ta miƙa masa da hannu biyu.

"Yaya, kai za ka buga."

Ya goge hannu a rigarsa, ya sake gogewa, ya karɓa ya damƙe shi kamar zai yi noma da shi. Ya dangwala a tawada har sai da ta taɓa masa yatsu. Ya ɗora inda ta nuna, ya danna da duk ƙarfinsa, murfin kwalla ya lotsa. Da ya ɗaga, rubutun ya fito da kauri, ya ɗan karkace gefe guda, amma kowane harafi na nan. Jama'a suka ɗauki sowa. Shi bai ɗago ba, kallon shuɗin rubutun yake yi.

"Ladi, me aka ce a nan?"

Na karɓa na karanta masa. "Malam Nomau Garagumsa, uban amarya."

"Ɗaga murya. Na baya ba su ji ba."

Na miƙe tsaye na sake shi da muryar da nake kiran masu saye a kasuwa, har awaki suka waiwayo. Nomau ya sunkuyar da kai ya goge ido da bayan hannu, tawada ta bar masa shuɗi a kunci, ba wanda ya gaya masa. Ya gyara zama, ya jawo kwandon goro kusa da gwiwarsa, ya miƙa wa Falmata hannu bai dube ta ba.

"Kawo na gaba," ya ce. "Suna da yawa, rana na tafiya, ga mutanena na Dakusa ko goro ban aika musu ba."